An rufe Backpage, amma ina 'yan matan suka koma?

Ranar 6 ga Afrilun 2018 duk wanda ya shiga shafin Backpage a Amurka bai tarar da talla ko ɗaya ba, sai wata sanarwa ɗauke da tambarin FBI da na ma'aikatar shari'a da ke cewa gwamnati ta ƙwace shafin. A wancan lokacin babu wata kasuwar tallar karuwanci a intanet da ta kama ƙafarsa, yana aiki a ƙasashe 97, kuma masu gabatar da ƙara sun ce ya tara sama da dala miliyan 500 daga wannan harkar tun da aka kafa shi a 2004. Kwana biyar bayan haka Donald Trump ya sa hannu a wata sabuwar doka da ake kira FOSTA-SESTA, a gefensa kuwa akwai wata uwa tsaye wadda aka kashe 'yarta mai shekara 16 a kusa da Chicago bayan wani kawali ya tallata ta a wannan shafin. Duk mai imani idan ya ga fuskar matar nan a ranar sai ya ce madalla, gara da aka rufe. Ni ma haka na ce. Amma shekaru sun wuce yanzu, an ga abin da ya biyo baya, kuma wallahi lamarin bai zo da sauƙin da muka zata ba.

Bari in koma baya kaɗan don a gane yadda aka zo nan. Da can tallar irin wannan sana'a a Amurka a shafukan baya na ƙananan jaridun mako-mako ake yin ta, irin jaridun da ake rabawa kyauta, daga nan ma sunan Backpage ya samo asali, wato shafin baya, kuma waɗanda suka kafa shi, Michael Lacey da Jim Larkin, asalinsu 'yan jarida ne daga jihar Arizona. Da intanet ta zo sai wani shafi mai suna Craigslist ya kwashe kasuwar ƙananan tallace-tallace gaba ɗaya, gidan haya ne, tsohuwar mota ce, neman aiki ne, har da wani sashe na masu neman a biya su a kwana da su. A 2009 wani ɗalibin likitanci ya kashe wata mata da ya samu ta wannan sashen a wani otal a Boston, hayaniya ta tashi, manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi suka taso wa kamfanin haiƙan, a watan Satumban 2010 ya rufe sashen. To me ya faru? Kasuwar ba ta mutu ba, tattara kayanta ta yi ta koma Backpage, kuɗin shigarsa ya ninka ya sake ninkawa. Wannan shi ne darasin farko da ya kamata a ɗauka tun a lokacin, ba a ɗauka ba.

Abin da ya hana a taɓa waɗannan shafukan shekara da shekaru shi ne wata 'yar gajeriyar doka ta 1996, sashe na 230, wadda ta ce mai shafin intanet ba shi ne mawallafin abin da wani ya zo ya rubuta a shafinsa ba. Misali kamar a ce mai kasuwa ba shi da laifi idan wani ɗan tebur ya sayar da kayan sata a cikin kasuwarsa. Kuma kada a raina dokar nan fa, da ita Facebook da YouTube da sauransu suka tsaya da ƙafarsu, don in da za a riƙa kai su ƙara kan duk wata ƙarya ko ɓatanci da wani ya rubuta da tuni sun rufe. Amma ita ɗin ce dai ta zama garkuwar Backpage. Tom Dart, shugaban 'yan sandan gundumar da Chicago take, ya kai Craigslist kotu a 2009 ya sha kaye. A 2015 ya canza dabara, ya rubuta wa Visa da MasterCard wasiƙa ya ce su daina karɓar kuɗin tallar Backpage, suka daina, sai kotun ɗaukaka ƙara ta ce masa a'a, jami'in gwamnati ba shi da ikon yi wa kamfani barazana don ya toshe bakin wani ba tare da shari'a ba. Wasu 'yan mata uku da aka tallata suna da shekara 15 suka kai ƙara a Boston, a 2016 alƙalai suka ce sun tausaya musu ƙwarai amma sashe na 230 ya ɗaure musu hannu. Kamala Harris ma tana antoni janar ta California ta sa an kama shugaban Backpage, Carl Ferrer, a watan Oktoban 2016 da tuhumar kawalci, alƙali ya yi watsi da tuhumar saboda wannan dokar dai.

Inda asirin ya tonu shi ne binciken wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Rob Portman da Claire McCaskill, wanda ya fito a Janairun 2017. Nan ne duk wani uzuri da nake iya yi wa kamfanin ya ƙare. An gano cewa suna da wata manhaja da ke tace talla kafin ta fita, idan kawali ya rubuta kalmomin da ke nuna yarinyar ƙarama ce, irin su 'yar makaranta, ko ƙaramar yarinya, ko sabuwa dal, ko ma sunan sanarwar da ake fitarwa idan yaro ya ɓace, to ba ƙin karɓar tallar ake yi ba, ba kuma 'yan sanda ake kira ba, goge kalmar kawai ake yi a saki tallar ta tafi. Yarinyar tana nan yadda take, shekarunta ba su ƙaru ba, alamar da za a gane ta da ita ce kawai aka share. Su da kansu sun ƙiyasta cewa a ƙarshen 2010 suna gyara kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tallace-tallacen wannan sashen. Cibiyar da ke bin sawun yaran da suka ɓace a Amurka ta ce kashi 73 cikin 100 na rahoton safarar yara da jama'a ke kawo mata da Backpage a ciki. Wannan ba mai kasuwa ba ne da bai san abin da 'yan tebur ke yi ba, wannan mai kasuwa ne da ke taya ɓarawo kankare sunan mai kaya.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. Kamfanin nan yana cikin Amurka, yana da ofis, yana da lauyoyi, idan ɗan sanda ya aiko da sammacin kotu yana neman lambar waya ko katin bankin da aka biya kuɗin talla da shi ana ba shi cikin gaggawa, har FBI ta taɓa ba Ferrer takardar yabo a 2011 kan taimakon da ya yi mata. 'Yan sanda da yawa a nan suke fara duba hoton yarinyar da iyayenta suka kawo cigiya. Su kan sa tallar ƙarya su kama mazan da suka zo neman ƙaramar yarinya, ko su yi kamar kwastoma su je ɗakin otal su fito da ita. Wato wurin da ake sayar da yaran shi ne kuma wurin da ake gano su, duka biyun gaskiya ne a lokaci ɗaya, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya bai yi wa maganar adalci ba.

Majalisa ta ɗauki ɓangare ɗaya. Dokar FOSTA-SESTA ta wuce majalisar wakilai da ƙuri'a 388 da 25, a majalisar dattawa 97 da 2, Ron Wyden da Rand Paul kaɗai suka ƙi, don wane ɗan siyasa ne zai yarda a ce ya goyi bayan masu sayar da yara? Dokar ta huda sashe na 230, ta kuma mayar da shi babban laifi mutum ya gudanar da shafi da niyyar tallafa wa karuwancin wani, ko da babba ce kuma ba wanda ya tilasta mata. Abin lura a nan shi ne an riga an ƙwace Backpage kafin a sa wa dokar hannu, da tsofaffin dokokin da ake da su aka yi, na halasta kuɗin haram da makamantansu, kenan ba rashin doka ba ne ya hana tun farko, rashin hujja ce, da hujja ta samu aka kama su. Ferrer ya amsa laifinsa ya koma shaidar gwamnati. Shari'ar farko ta ruguje a 2021, Larkin ya kashe kansa a ƙarshen Yulin 2023 ana dab da sake zama, shi kuwa Lacey an same shi da laifi ɗaya na ɓoye kuɗi a ƙasar waje, a Agustan 2024 aka yanke masa shekara 5 da tarar dala miliyan 3, wasu manyan ma'aikata biyu suka samu shekara goma-goma.

To sabuwar dokar fa, me ta haifar? A Yunin 2021 ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisar Amurka ya fitar da rahoto, ya ce a cikin shekara ukun nan sau ɗaya tak ma'aikatar shari'a ta gurfanar da wani da sabon laifin, wato mai shafin CityXGuide a 2020. Abin da ya fi wannan tayar da hankali, rahoton ya ce ƙarfin FBI na gano waɗanda ake safararsu da masu safarar ya ragu, saboda kasuwar ta tarwatse ta koma ɗimbin ƙananan shafuka, da yawansu a ƙasashen da ba ruwansu da sammacin kotun Amurka, ana biya da kuɗin kirifto, sauran kuma suka shige manhajojin neman masoya da na hira masu sirri inda ba mai gani. Tururuwa ce aka zuba wa ruwan zafi a rami ɗaya, ta fito ta bazu a gidan gaba ɗaya. Kamfanoni kuma tsoro ya kama su, tun kafin a sa hannu ma Craigslist ya rufe sashen neman masoya baki ɗaya, shafin Reddit ya goge wasu zaurukansa, duk abin da ya yi kama da wannan harka sai a share ba tambaya.

A cikin abin da aka share har da wanda ke kare rai, kuma nan ne nake son mai karatu ya ɗan yi haƙuri ya saurara ko da ransa bai so. Matar da ke tsaye a bakin titi da daddare sakan nawa gare ta ta yanke shawarar shiga motar da ta tsaya? Ba ta san sunansa ba, ba ta san ko su nawa ne a ciki ba, ga tsoron 'yan sintiri yana sa ta gaggawa. Wadda ke talla a intanet kuwa tana iya neman cikakken sunan mutum, ta duba lambarsa a jerin mugayen kwastomomi da matan ke rabawa a tsakaninsu, ta tambayi wata da ta taɓa hulɗa da shi, ta bar wa ƙawarta adireshin inda za ta, kuma ba ta buƙatar wani ƙato ya tsaya mata yana karɓe rabin kuɗin. Wasu masana tattalin arziki, Scott Cunningham da abokan aikinsa, sun bi yadda Craigslist ya riƙa buɗe sashensa na tallar karuwanci birni bayan birni a shekaru daban-daban, suka ce kisan mata ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 a inda aka buɗe. An yi ta jayayya kan wannan adadin, wasu na ganin ya yi yawa, amma dalilin da ke bayansa ba ya buƙatar digiri kafin a gane shi. Bayan 2018 matan da kansu sun yi ta faɗa cewa wasunsu sun koma titi, kuma tsofaffin kawalai sun dawo suna aiko musu da saƙo cewa yanzu ai kya neme ni.

Daga nan ne muhawarar halastawa ke shigowa, kuma yawancin masu yin ta a wajenmu suna cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne.

Akwai tsarin Holan da Jamus, inda gwamnati ta mayar da abin sana'a mai lasisi da haraji. Holan ta ɗage haramcin gidajen karuwai a 2000, Jamus ta yi tata dokar a 2002 da fatan matan za su yi rajista, su samu inshorar lafiya da fansho kamar kowane ma'aikaci. Ba haka ta kasance ba. Manyan gidaje masu hawa-hawa suka tashi, farashi ya faɗi, akasarin matan da ke ciki suka zama baƙi daga Romaniya da Bulgeriya da Hungari waɗanda talauci ya koro, har ta kai Jamus ta sake doka a 2017 ta tilasta rajista da amfani da kwaroron roba, kuma a ƙarshen 2019 waɗanda suka yi rajistar 40,000 ne da 'yan kai, alhali kowa ya san masu yin sun fi haka nesa ba kusa ba. Amsterdam ma tun 2007 ta fara rufe wasu tagogin unguwar da aka sani da wannan harka saboda 'yan daba sun shige ciki. Wani bincike na 2013 da ya duba ƙasashe da yawa ya ce inda aka halasta an fi samun kwararar mutanen da aka yi safararsu, saboda kasuwa ta faɗaɗa kuma 'yan gida ba sa isa. A Amurka kanta jihar Nevada ce kaɗai ke da gidaje masu lasisi, su ma a ƙananan gundumomi, a Las Vegas haramun ne, kuma can ɗin ne aka fi yi.

Sai tsarin Suwidin na 1999, wanda ya juya abin: mai sayarwa ba ta da laifi, mai saye shi ne mai laifi. Norwe da Aisland suka bi a 2009, Kanada a 2014 wadda ta haɗa da haramta tallata wani, Faransa a 2016 da tarar Yuro 1,500, Ayaland a 2017. A Yulin 2025 Suwidin ta ƙara gaba, ta haramta biyan mutum kuɗi don ya yi maka abin batsa kai tsaye ta kyamara. A zuciyata wannan tsarin ya fi kusa da adalci don aƙalla ya tuna cewa akwai namiji a cikin maganar. Amma shi ma matan sun koka da shi, a Faransa sun ce da kwastomomi suka ragu sai waɗanda suka rage suka samu bakin ciniki, su rage kuɗi, su ƙi kwaroron roba, su ce sai a wuri mai duhu inda ɗan sanda ba zai gan su ba, har mutum 261 suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2024 kotun ta ce dokar Faransa ba ta saɓa ƙa'ida ba. Kuma a wasu ƙasashen idan mata biyu suka kama ɗaki ɗaya don su tsare juna sai a ce sun buɗe gidan karuwai a kama su.

Na uku shi ne na New Zealand, 2003, inda aka cire abin daga jerin laifuka kawai ba tare da an kafa masa wata masarauta ta lasisi ba, amma tilastawa da taɓa wanda bai kai 18 ba suka ci gaba da zama manyan laifuka. Da ƙuri'a 60 da 59 dokar ta wuce, kuma wanda ya ƙaurace wa ƙuri'ar har ta samu wucewa ɗan majalisa ne Musulmi, Ashraf Choudhary, wanda ya sha suka sosai daga jama'arsa. A 2014 wata mata a can ta kai mai gidan da take aiki ƙara kan cin zarafi ta kuma yi nasara, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba a inda zuwa wurin hukuma ke nufin kai kanka. Amnesty International ta goyi bayan irin wannan tsarin a 2016, Beljiyam ta bi a 2022. Akwai ma wani abin mamaki a jihar Rhode Island ta Amurka, inda wani giɓi a doka ya sa karuwancin cikin ɗaki bai zama laifi ba har zuwa 2009, masu bincike suka ce daga 2003 rahoton fyaɗe ya ragu da kusan kashi 30, ciwon sanyi a mata da kusan kashi 40. Sai dai New Zealand tsibiri ce can ƙarshen duniya, mutum miliyan 5, ba ta da iyakar ƙasa da kowa, ga tallafin gwamnati ga marar aiki. Wanda zai ɗauko sakamakonta ya ce haka zai faru a ƙasar da yarinya ke kwana da yunwa bai yi lissafi daidai ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Turawa. Da ruwanmu kuwa. A 2016 kaɗai mata 'yan Najeriya sama da 11,000 suka sauka Italiya ta teku, hukumar ƙaura ta duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 ana zargin safararsu aka yi don wannan aikin, yawancinsu daga jihar Edo, kuma ta ina suka bi? Da yawa ta Kano ko Sakkwato, su shiga Nijar, su kwana a Agadas, su tsallaka Libiya, ta ƙofar gidanmu aka wuce da su. Ana ɗora musu bashin dubban Yuro, a kai su wurin boka su rantse ba za su gudu ba, har sai da Oba na Benin Ewuare II ya tara bokayen a watan Maris 2018 ya warware rantsuwar ya tsine wa masu yi. Waɗannan 'yan matan su ne ake sakawa a shafukan talla na Turai, a ƙasar da ta halasta da wadda ta haramta duka, kuma ba wadda ta rubuta tallarta da hannunta.

A gida kuma kowa ya san gidan magajiya ba shi ne cibiyar harkar ba yanzu, 'yan gud ibinin na bakin titi ma tsohon yayi ne. Waya ce. Guruf ne a WhatsApp da Telegram, hoto ne a Instagram da TikTok, kawaliya ce da ke da hotunan yara ashirin a wayarta tana turawa manyan mutane su zaɓa, a yi tiransifa, a tura mai adaidaita ya ɗauko. Ba mu da wani shafi ɗaya kamar Backpage da za a ce an rufe, mun fara ne daga inda Amurka ta ƙare, a warwatse. Amma kamen da ake yi har yau na zamanin da ne, a dira a otal ko gidan rawa, a loda mata a mota, a ɗauki hotonsu a watsa, namijin da aka tarar a ɗakin kuwa sau da yawa ya gyara hularsa ya shiga motarsa. A Abuja abin ya kai ana kama duk macen da aka gani a waje da dare a ce karuwa ce, har kotun ECOWAS ta samu Najeriya da laifi a 2017 ta ce a biya wasu mata diyya, a 2019 kuma aka sake kwashe mata daga gidajen rawa, wasunsu suka fito suka ce an yi lalata da su a hannun waɗanda suka kama su. Ko a Senegal, ƙasar Musulmi da ta ba da damar rajista da katin asibiti tun 1969, yawancin matan ba sa yin rajistar saboda kunya da tsoron a san su, kenan takarda kaɗai ba ta warware komai.

Ni dai ba na kiran a halasta karuwanci a ƙasar Hausa, addinina bai yarda ba, kuma abin da na gani a Jamus bai ba ni sha'awa ba ko kaɗan. Amma haramcin abu daban, wanda za ka fara kamawa daban. Ayar da ta yi maganar wannan ciniki a Suratun Nur, aya ta 33, da masu tilastawa ta yi magana, an ruwaito ta sauka ne kan Abdullahi bin Ubayyu da ke tura kuyanginsa su samo masa kuɗi, kuma ta ƙare da gafara da rahama ga waɗanda aka tilasta. Mu kuwa mun juya abin, wadda aka tura ita muke nunawa a kyamara, mai turawa da mai biya ba a ko ambatar su. Kuma duk ranar da yarinya ta tabbata cewa in ta je wurin hukuma ita za a fara tsarewa a aske mata kai ko a kira sunan gidansu, to ba za ta taɓa zuwa ta ce ga wadda ta kawo ni daga ƙauye ba, ga wanda ya ɗauki bidiyona yana yi mini barazana ba, ga 'yar shekara 14 da aka kawo jiya ba. Shaidar da ake buƙata don a kama babban kifi tana bakinta, mu kuma muna rufe bakin da hannunmu.

Auren zawarawa da Kano ta fara a 2012, wanda a 2023 aka ɗaura aure 1,800, yana taɓa wani gefe na matsalar, don sakin wulaƙanci da barin mace da 'ya'ya huɗu ba ko sisi yana cikin manyan ƙofofin da ake shiga wannan rayuwa ta cikinsu. Amma ba ya taɓa kawaliya mai waya. Ita wannan sai an bi kuɗi, kuma a nan muna da abin da FBI ta rasa bayan 2018, domin har yanzu yawancin cinikin nan da akawun ɗin banki na gida ake yin sa, mai BVN, da layin waya da aka haɗa da NIN. NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, tana nan tun 2003, dokar hana safarar mutane ta 2015 tana nan, dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan. Akawun ɗin da kuɗi ke shigowa daga maza talatin a mako, ya fita zuwa 'yan mata goma sha biyar bayan an cire kaso, ba ya buƙatar a fasa ƙofar otal da tsakar dare kafin a gan shi, sammacin kotu ɗaya zuwa banki ya isa a san sunan mai shi da na duk wanda ya tura.